Kafin Ka Bar Alƙahira: Yadda Ɗalibi Ke Sallama da Godiya

Ranar da sakamakon shekarar ƙarshe ya fito, ɗalibi ya ga ya haye, abin da ke fara faɗo masa a rai shi ne gida. Sai ƙafa ta soma ƙaiƙayi. Na sha ganin 'yan'uwa da suka shafe shekara shida ko bakwai a Alƙahira, tun daga ajin koyon Larabci har zuwa kammala digiri a Jami'ar Azhar, amma suka tattara rayuwar nan duka cikin kwana huɗu, suka bar gari da asuba kamar masu gudun bashi. Ba mugun hali ne ya sa su ba. Ba wanda ya taɓa gaya musu cewa sallama aiki ce mai cin lokaci, kuma tana da tsarinta kamar yadda shigowa take da nata. Idan kana cikin masu shirin komawa, ka ware mata wata uku. Abin da zan faɗa na Masar ne, don nan na sani, amma wanda ke Madina ko Istambul zai tsinci nasa a ciki.

Fara da takardu, domin su ne ke cinye kwanakin da ya kamata ka ba mutane. Jarrabawar ƙarshe takan faɗo a Mayu ko Yuni, sakamako ya biyo baya cikin tsananin zafi. Da zarar ya fito ka nufi ofishin da ke kula da waɗanda suka kammala a tsangayarku, ka nemi shahadar wucin gadi da takardar makin kowace shekara. Kafin a buga, ka zauna ka duba sunanka harafi bayan harafi. Larabawa suna jera suna huɗu, mu kuwa fasfo ɗinmu biyu ne ko uku, ga Muhammad da ake rubutawa ta hanya biyar a boko. Harafi ɗaya da ya saɓa tsakanin shahada da fasfo zai iya tsayar da kai wata da watanni a Abuja, alhali gyaransa a nan aikin kwanaki ne. Daga tsangaya takarda za ta wuce ofishin babban sakataren jami'a, daga can sai ofishin tasdiƙi na ma'aikatar harkokin wajen Masar, sannan ofishin jakadancin ƙasarka. Kowane hatimi yana tabbatar da na gabansa ne, don haka ba a tsallake ɗaya. Ka tuna yawancin ofisoshin gwamnati ba sa aiki Juma'a da Asabar, kuma in azumi ya kama suna tashi da wuri.

Ɗan Nijeriya ya riƙe abu biyu. Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ce ke tantance takardun waje, kuma hukumar yi wa ƙasa hidima za ta nemi ganin fasfon da ka fita da shi, da bizar shigarka Masar, da hatimin ranar fita da na ranar dawowa. Saboda haka tsohon fasfo, ko ya ƙare tun shekara uku da suka wuce, kada ya shiga cikin tarkacen da za ka zubar. Shahadar Larabci kuma sai da fassara daga inda hukumar ta yarda da shi. Wanda ya karanta likitanci ya san akwai jarrabawar majalisar likitoci tana jiransa. Ɗan Nijar ko Ghana ko Kamaru ya je ofishin jakadancinsa da ƙafarsa ya ji abin da ake nema a gida. Duba iƙamarka ma, wato izinin zamanka a ƙasar: in ta ƙare kafin ranar tafiya, tara za ka biya, kuma ofishin fasfo da ke Abbasiyya ba wurin da ake zuwa ana gobe tafiya ba ne. In akwai takardar da ba za ta fito ba kafin ka tashi, ka yi wa wani amintacce wakilci a rubuce a ofishin rajistar takardu da ake kira Shahrul Aƙari. Wakilcin baki ba ya karɓo takarda.

Bayan takardu sai bashi. Wannan ya riga godiya, domin mutumin da ke binka fam ɗari biyu ba zai ji daɗin kalamanka ba, ko da ya yi murmushi. Ɗauki takarda ka zauna kai kaɗai da dare ka rubuta: mai shagon ƙasan bene da ke rubuta maka kaya a nota, mai gugar kaya, mai sayar da littattafai a Darbul Atrak da ya ce ka tafi da mujalladi ka kawo kuɗi daga baya, abokin ɗaki da ya biya maka kuɗin wuta watan da kuɗin gida ya makara. Rubuta har da abin da ba kuɗi ba: littafin aro, tukunya, bargo, makullin ɗakin wani. Ɗakin karatu da masaukin ɗalibai, irin Madinatul Bu'us, suna da takardar da ake kira ikhla'u ɗaraf, shaidar cewa ba abin kowa a hannunka. Ka yi wa kanka irinta a kan mutanen da ba su da hatimi.

A nan akwai wata ɗabi'ar Misirawa da ke ruɗar baƙo. In ka miƙa wa mai shago kuɗi, musamman in ya ji tafiya za ka yi, zai ɗora hannu a ƙirji ya ce "khalli", wato bar shi. Kara ce irin tamu, ba yafe bashi ba. Ka sake miƙawa, ka nace, ka ajiye a kan teburinsa. In da gaske yake yafewa za ka gane, don zai mayar maka da kuɗin cikin aljihu da hannunsa, ya rantse. To a nan sai ka karɓa, ka yi masa addu'a a gabansa.

Mai gidan haya kuwa, ka sanar da shi aƙalla wata guda kafin ka tashi, ko yadda yarjejeniyarku ta ce. Ka biya wuta da gas da ruwa, ka gyara famfon da ya lalace a hannunku, ka share gidan, ka kira shi ya zagaya ɗaki-ɗaki kana nan, sannan ku yi maganar kuɗin ajiyar da ka bayar ranar shiga. Wannan ya fi ƙarfin mutuncinka kai kaɗai. Mai gida a Hayyul Ashir ba zai riƙe sunanka ba bayan shekara biyu, abin da zai riƙe shi ne 'yan ƙasa kaza sun zauna masa a gida, sun bar shi kaza. Yaron da zai sauka daga Kano ko Maraɗi baɗi, da jaka ɗaya da Larabcin da bai wuce gaisuwa ba, da wannan sunan zai je neman ɗaki.

Sai neman yafiya. Wanda ya zauna ɗaki ɗaya da mutum shekara huɗu, suna cin abinci a faranti ɗaya, suna rabon kuɗin haya, ba yadda za a yi a ce harshe da haƙori ba su saɓa ba. "A yafe mini" da ake faɗa a gaban taro tana da kyau, amma ba ta wanke laifin da kai da shi kuka san sunansa. Wannan ka same shi shi kaɗai, ko a hanyar dawowa daga masallaci, ka ambaci abin: "Ranar nan da na ɗaga maka murya a kan kuɗin nan, ban kyauta ba, ka yafe mini." Kada ka haɗa da bayanin dalilinka. In ya yafe, alhamdu lillahi. In ya yi shiru, ka yi naka, ka bar masa lokaci.

Yanzu mun zo kan malamai, kuma a nan nake so in daɗe, don a nan aka fi yin kuskure.

Kuskure na farko shi ne lokaci. Kada ka kai wa malamin tsangaya kyauta ko wasiƙar yabo kafin sakamako ya fito. Ko niyyarka fara ce tas, ka sa shi cikin takura, kuma na gefe zai fassara. Bari maki ya fita daga hannunsa, godiyarka ta zama ba ta neman komai. Kuskure na biyu shi ne zuwa ayari guda, mutum goma sha biyar, ɗaya ya yi jawabi, a ɗauki hoto, a watse. Wannan ziyarar ƙungiya ce, a yi ta, amma ba ta ɗauke maka taka. Malamin da ka zauna gabansa a zauren masallacin Azhar shekara uku kana karanta littafi ɗaya, ka jira bayan darasi, jama'a su rage, ka matsa kusa. Ka kira shi yadda ɗalibansa ke kiransa, "ya Maulana" ko "ya Duktur". Ka faɗi sunanka da ƙasarka ko kana ganin ya sani, domin fuskokin da ke wucewa gabansa ɗaruruwa ne. Ka ce ka kammala, za ka koma gida ranar kaza.

Sannan ka gode masa a kan abu guda da za ka iya nunawa da yatsa. "Kun amfanar da mu ƙwarai" magana ce da yake ji kullum, ta bi iska. Amma in ka ce, "Shekara biyu ina haddace babin nan na nahawu ban gane shi ba, sai ranar da kuka buga misali da mai ɗaukar kaya a kasuwa, daga ranar ya zauna mini," za ka ga fuskarsa ta canja. Malami yana shuka ne a gonar da ba zai ga girbinta ba, kai kuma ka kawo masa zangarniya ɗaya ya riƙe a hannu. Bayan haka ka roƙi abu biyu da ɗalibai suka saba roƙa tun da: wasiyya da addu'a. Abin da ya faɗa maka ka rubuta shi a ranar, a bangon littafin da ka karanta a wurinsa, da kwanan wata. In kana buƙatar takardar tazkiyya, wato shaidar malami a kanka, don ci gaba da karatu, wannan ne lokacinta, amma ka ba shi mako biyu, kada ka ce gobe jirginka zai tashi. Ijaza kuwa, ka nemi ta littafin da ka karanta da gaske. Na ga masu yawon tara ijazozi a makon ƙarshe kamar masu tsintar ƙwallon mangwaro, kuma malaman suna ganewa.

In ba ka iya tsayawa gaban malami ka yi magana ba tare da harshenka ya sarƙe ba, rubuta wasiƙa da hannunka. Shafi ɗaya ya isa. Ka ba wani da ya fi ka Larabci ya duba kurakurai, amma kada ka bari ya sauya maka ita da jimlolin littafin insha'i. 'Yan'uwa mata da ke tsangayoyin mata a Madinatu Nasr, malamarku tana da haƙƙin irin wannan ziyara, haka ma mai kula da masauki. In malami namiji ne, wasiƙa ko zuwa ku biyu ku uku ya wadatar.

Zancen kyauta, kada ka sayo wa Bamisire abin da ake sayarwa a Khan Khalili. Tun wata uku kafin tafiya ka nemi wanda zai taho daga gida ya riƙo maka abin ƙasarmu: hula ɗinkin hannu, ƙaramar jakar fata ta Kano, turaren wuta na Barno, zuma mai kyau, man kaɗe wanda matan Masar suka sani kuma suke so. Ba tsada ake nema ba. Abin da ake so shi ne in ya buɗe durowa bayan shekara biyar ya ga hular, ya tuna akwai wani yaro daga ƙasar Hausa.

Wannan zumunci da muke magana a kai tsoho ne. Marubucin tarihi Maƙrizi ya kawo labarin mutanen Kanem da suka biyo ta Masar za su hajji a wajajen 1240, suka ba alƙali Ibn Rashiƙ kuɗi ya gina makaranta, kuma bayan sun koma gida suka ci gaba da aiko mata da kuɗi. A cikin masallacin Azhar kansa, a da akwai zauren da aka san shi da sunan Barnawa. Malam Muhammadu al-Kashinawi, Bakatsine masanin lissafi da taurari, a Alƙahira ya rasu a 1741, a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin wani shahararren marubucin tarihi, kuma a hannun Hasan ɗin ya bar amanar littattafansa. Baƙo ne ya sami masauki a gidan malami har ƙarshen ransa. Duk ɗan ƙasarmu da ya zauna a masallacin nan yau, a kan tabarmar da waɗannan suka shimfiɗa yake zaune, kuma shi ma zai bar wa na baya tasa, ko mai tsabta ko akasin haka.

Wannan ya kawo mu ga na baya, da kayan da za ka bar musu. Jirgi zuwa Kano ko Abuja yakan ba da jaka biyu, kowace kilo 23, amma ka duba tikitinka. Littattafai kaɗai za su cinye wannan, don haka mafi yawan ɗalibai suna haɗa kwalaye su aika ta masu jigilar kaya tun makonni kafin tafiya. Ka rubuta abin da ke cikin kowane kwali, ka riƙe rasiɗi. Shahada da fasfo kuwa a jakar hannu, a jikinka. Sauran kaya, bargon sanyi, tukwane, na'urar ɗumama ɗaki, takardun darasi da tambayoyin jarrabawar shekarun baya, ka nemi sabon zuwa wanda kuɗin gida bai cika iso masa ba, ka ba shi a ɓoye, ba a gaban mutane ba. Akwai gadon da ya fi waɗannan: ka kama hannunsa ka kai shi wurin mai shago, wurin mai littattafai, wurin malaminka, ka ce wannan ƙanena ne, na bar muku shi amana. Abin da ka yi shekara biyar kana ginawa, ya same shi cikin yini ɗaya.

Walima ba sai ta yi girma ba. Shinkafa da miya a babbar tukunya, zoɓo mai sanyi, wanda su ma suna sha suna kiransa karkade. In za ka kira maƙwabta Misirawa, a rage yaji a tasu tukunyar. Ka aika wa gidan da ke fuskantar naku da kwano ko ba su zo ba. In an ba ka magana, minti uku ya isa: godiya ga Allah, sunayen mutane kaɗan da abin da kowa ya yi, neman yafiya, addu'a. Saƙon da za ka saka a Facebook ko WhatsApp ya zo bayan ka gama zagayen ƙafa. Mutumin da ya yi jinyarka bai kamata ya ji labarin tafiyarka tare da mutum dubu biyu ba.

Akwai kuma waɗanda ba a gayyata walima, ba sa cikin hoto, ba su da shafi a intanet. Mai share tsangaya. Ma'aikacin ofishin ɗalibai baƙi da ya taɓa nemo maka fayil ɗin da ya ɓata. Mai sayar da ful, wato dafaffen wake, na bakin titi da ya san ba ka son mai da yawa. Waɗannan su ne aka fi mantawa, kuma su ne godiya ta fi taɓawa.

A benen da na zauna akwai mai gadi, bawwab kamar yadda suke cewa, dattijo mutumin Sa'id, kudancin Masar. Ɗakinsa a ƙarƙashin matakala yake, shi da iyalinsa. Kullum yana kan benci a bakin ƙofa cikin jallabiya mai faɗin hannu, da ɗan murhunsa na shayi. A sanyin farko da na yi a garin zazzaɓi ya kwantar da ni kwana uku. Shi ya lura bai ga saukowata ba. Ya hau hawa biyar da ƙafarsa, riƙe da kwanon miyar adas mai zafi da matarsa ta dafa, da gurasa biyu a naɗe cikin jarida, ya tsaya a bakin ƙofa har sai da ya ga na sha. Da tafiyata ta matso, na sauko bayan la'asar na zauna kusa da shi a bencin. Na ce, "Ya Ammi, jibi zan koma ƙasarmu." Ya zuba mini shayi bai ce komai ba. Na tuna masa da kwanon miyar nan. Ya ce ai ya manta, amma sai ya juya yana gyara garwashin da ba ya buƙatar gyara. Na ba shi hula da ɗan abin da na sa a ambulan don yara. Hular ya karɓa nan take ya ɗora a gwiwa, ambulan kuwa sai da muka yi ta ja.

A wurinsa na ga wata al'adar sallama ta Misirawa da ya kamata ka sani, kada a yi maka ita ka tsaya kana kallo. In masoya za su rabu, ɗaya yakan ce "La ilaha illallah", ɗayan ya amsa "Muhammadur Rasulullah", da fatan kamar yadda kalmomin nan biyu ba sa rabuwa, su ma Allah ya sake haɗa su. Daren tafiya ya taya ni sauko da jakunkuna, ya sa su a mota, ya riƙe ƙofar ya faɗi rabin farko. Na cika masa. Za kuma ka ji suna ce maka wanda ya sha ruwan Nilu sai ya dawo. Ka amsa da in sha Allahu. Amma kada ka yi alkawarin da ba ka da iko a kansa, irin su zan aiko maka da kaza, ko zan nemo wa ɗanka aiki. Zafin rabuwa yakan sa baki ya yi kyautar da hannu ba zai iya ba, kuma talaka yana riƙe alkawari.

Kwana biyun ƙarshe ka bar su fanko, ba ofis, ba kasuwa. Tun kafin su, ka kwashe kuɗin da ke asusun banki ko na waya, ka rufe abin rufewa. Layin wayarka na Masar zai mutu bayan ɗan lokaci, don haka ka mayar da WhatsApp ɗinka kan lambar gida, ka kuma rubuta lambobin mutane goma da suka fi muhimmanci a takarda, domin waya tana ɓata.

In ka sauka gida akwai wani zagayen godiya da ke jiranka, kuma shi ma a ƙafa yake. Bayan iyaye, ka fara da wanda ya ɗauki nauyinka, ko kawu ne da ya sayar da sa aka biya kuɗin jirgi, ko yayar da ke tura maka ɗan abin da ta samu a sana'arta. Ka kai musu shahadar su riƙe da hannunsu, ko ba sa karanta Larabci. Ka je wurin malamin allo da ya fara ɗora maka baƙi, ka durƙusa ka gaishe shi kamar yadda ka saba, da tsarabar littafi ko carbi. In hukuma ce ko wata gidauniya ta biya maka, ka rubuta mata wasiƙa ka haɗa da kwafin sakamako.

Amma tun kafin wannan, a daren da ka isa, ka aika wa mutanen Alƙahira cewa ka sauka lafiya. Malami saƙon rubutu ya ishe shi. Mai gadi da mai shago kuwa ka kira su, don sun fi son jin murya, kuma za su tambaye ka lafiyar Hajiya. Ka miƙa mata wayar su gaisa, kai ka yi musu tafinta. Sai ka sa alama a kalandarka a kan ƙaramar Salla da babba, ka sake kiransu.